Tambaya da Amsa: Ɗaure kujerar yaro a jif ɗin da aka yi wa gyare-gyare

Tambaya daga wani magidanci a Makka:

Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Makka da iyalina, kuma ina da Land Cruiser wadda na saya a hannun wani mai sha'awar fita sahara. Kafin ta zo hannuna ya riga ya ɗaga ta, ya sa mata manyan tayoyi, ya cire kujerun layi na uku, ya kafa durowoyin katako guda biyu a bayanta tare da wurin zaman firij. Ni ma tsarin ya yi mini, domin lokacin sanyi mukan fita bayan gari mu kwana, kuma ina yawan bin hanyar Madina da ta Ɗa'if. Ɗiyarmu ta cika shekara biyu da rabi, nauyinta kilo 13, kujerar jarirai ta yi mata kaɗan, shi ne na sayo mata sabuwa mai fuskantar gaba. Kujerar tana da hannuwa biyu na ƙarfe a ƙasanta da wata igiya mai ƙugiya a samanta. Hannuwan sun shiga wurinsu, amma na rasa inda zan maƙala ƙugiyar, saboda durowoyin sun rufe ko'ina. A saman durowar akwai zobban ɗaure kaya, sannan wani mai walda a unguwar masu gyaran mota ta Sana'iyya ya ce zai huda ƙasan motar ya kafa mini zobe mai ƙarfi da kuɗi kaɗan. Wanne ya kamata in yi? Ko kuwa in ƙyale igiyar kawai, tun da hannuwan sun kama?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya raya yarinya, ya yi mata albarka. Hanyoyi uku ka kawo, kuma a yadda ka bayyana su babu wadda zan ce ka bi. Kada ka maƙala ƙugiyar a zoben durowa, kada ka bar mai walda ya huda maka mota bisa kintacensa, kada kuma ka bar igiyar tana reto a bayan kujera. Mafita tana nan, kuma mai yiwuwa ne ba za ta ci maka ko riyal ɗaya ba, amma za ka fi gamsuwa da ita idan ka fara sanin irin nauyin da wannan siririyar igiya aka yi ta domin ta ɗauka.

Kujerun yara masu ɗauke da tambarin nan mai ruwan lemo, wanda ke nuna sun cika ƙa'idar R44 ko sabuwarta R129 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ana gwada su ne a karon da mota take yi ta gabanta da gudun kilomita 50 a awa, kuma a cikin wannan ƙiftawar ido ƙarfin da ke fizgar yaro da kujerarsa yana haura ninki 20 na nauyinsu. Ka ce ɗiyarka kilo 13 ce. Idan kujerar ta kai kilo 12, jimilla kilo 25 ke nan, wanda a lokacin karo yake zama kamar rabin tan yana neman tsinkewa ya yi gaba. Wannan fa a gudun cikin gari ne. Hanyar Makka zuwa Madina da kake bi, tun 2018 aka yarje wa ƙananan motoci su kai kilomita 140 a awa a wasu sassanta, kuma idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo sau huɗu yake ninkawa.

Hannuwan ƙarfen nan biyu, waɗanda ake kira ISOFIX, suna kama wasu gajerun sanduna biyu ne da aka kafa tun daga masana'anta a tsakanin mazaunin kujerar mota da majinginarta, da tazarar santimita 28 a tsakaninsu. Suna riƙe gindin kujerar yaro ƙam, amma da yake daga ƙasa kaɗai suke riƙe ta, samanta yana iya sunkuyawa gaba da ƙarfi ya tafi da kan yarinya. Aikin igiyar sama shi ne ta hana wannan sunkuyawa. Idan an ɗaure ta daidai tana rage nisan da kan yaro zai yi gaba da kimanin santimita 10 zuwa 15, kuma a cikin mota wannan ɗan tazara ne yake raba kan da ya tsira da kan da ya bugi bayan kujerar direba. Saboda haka kujerar ISOFIX mai fuskantar gaba wadda aka ƙera ta da igiya, ba a gama ɗaure ta ba sai an ɗaure igiyar. Jin ƙarar shigar hannuwan bai isa ba.

Yanzu ka je ka duƙa ka kalli zoben nan na saman durowa da kyau. Yawanci za ka tarar ƙaramin farantin ƙarfe ne da aka ɗaure da sukurori biyu ko huɗu a jikin katako, an lulluɓe kewayensa da kafet, kuma tsawon sukurorin bai wuce kaurin katakon ba. An yi shi ne domin ya hana kula ko jakar tanti zamewa idan an sha kwana. Fizga ɗaya ta ɗaruruwan kilo za ta tumɓuke shi da ɓaraguzan katako a jikinsa, sannan ƙugiyar da zoben su taho gaba da gudu ta daidai ƙeyar yarinya. Ko da zoben ya jure, durowar kanta da me aka kafe ta a jikin mota? Ba ka sani ba, domin ba a gabanka aka yi aikin ba. Wanda ya ɗaure doki da sabuwar igiya a turken da ba a kafa da kyau ba, bai ɗaure komai ba. Har zobban kaya da kamfanin mota ya kafa da kansa a kusurwoyin but, ba a yarda a maƙala igiyar kujerar yaro a jikinsu ba, domin ba don wannan aka ƙera su ba, ba kuma a wurin da igiyar za ta miƙe daidai aka sa su ba. Iyaye da yawa suna ruɗewa a nan, saboda zoben kaya ya fi maɗaurin gaskiya fitowa fili, wani lokaci ma ya fi shi kama da abu mai ƙarfi.

Maɗaurin gaskiya, littafin motarka ne zai nuna maka shi, a babin kujerun yara, kuma idan littafin bai zo da motar ba ana samunsa a shafin kamfanin a intanet ta hanyar samfurin motar da shekararta. Wurinsa yana sauyawa daga samfuri zuwa samfuri, har ma daga kasuwa zuwa kasuwa, amma a manyan jif-jif bai cika wuce wurare uku ba: ko a bayan majinginar kujerun layi na biyu, ko a daɓen but, ko a rufin mota kusa da ƙofar baya. Ka kwantar da majinginar zuwa gaba, ka haska fitila, ka bi bayanta da tafin hannu. Abin da kake nema ɗan sandan ƙarfe ne gajere, sau da yawa a ƙarƙashin murfin roba ko a cikin tsagar kafet, da alamar anka irin ta jirgin ruwa a kusa da shi. Idan an sa wa kujerun riga, kamar yadda aka saba yi a nan, to mai yiwuwa rigar ce ta ɓoye shi, sai a cire ta ko a buɗe mata ƙofa a daidai wurin.

Idan a bayan majingina ka same shi, matsalarka ta ƙare, durowoyin ba su hana ka komai ba illa gani. Ka ratsa da igiyar ta saman majingina yadda littafin ya nuna, wanda galibi ta tsakanin sandunan matashin kai ne, ka maƙala ƙugiyar, ka mayar da majinginar har sai ta kulle, ka girgiza ta ka tabbatar, sannan ka ja igiyar ta miƙe ba tare da murɗewa ba. Ka kuma duba kada gaban durowa ko na firij ya danne ƙugiyar ko ya riƙa gogar igiyar.

Idan kuwa a daɓen but yake, durowar tana zaune a kansa, to nan ne za ka yi zaɓi, kuma ra'ayina a kai ba ɓoyayye ba ne: durowa ce za ta matsa wa yarinya, ba yarinya ce za ta matsa wa durowa ba. Kafinta zai iya yanke katakon ya buɗe hanya mai faɗi a daidai saman maɗaurin, ya goge bakin yankan ya lulluɓe shi, ta yadda igiyar za ta taso daga maɗauri zuwa saman majingina a miƙe, ba ta lanƙwasa a kan wani kaifi ba, hannunka kuma yana iya kaiwa ga ƙugiyar domin dubawa. Idan hakan bai yiwu ba, a gajarta durowar ko a cire ta ɓangaren da yarinya take zama. Lokacin da aka ɗaga durowar ka lura da abu guda. Masu wannan aiki sukan nemi ramukan noti da suka tarar a daɓe su ɗaure katakonsu a ciki, kuma ba kowanne ne yake bambanta ramin kujerar da aka cire da na maɗaurin igiya ko na bel ba. Idan ka ga an kwance maɗaurin an yi amfani da raminsa, sai a mayar da na asali daga wakilin kamfanin, da notinsa na asali. Kada kuma ka ƙara wa igiyar tsawo da wata igiyar ɗaure kaya domin ta zagaye durowa ta kai wani wuri mai nisa, sai fa idan kamfanin kujerar ne da kansa ya tanadi abin ƙarin kuma ya yarda da shi a rubuce.

Batun mai walda shi ne wanda ya fi damuna, domin shi ne ya fi kama da hankali, alhali shi ya fi haɗari. Ba na shakkar ƙwarewar hannunsa, kuma na san zoben da zai kafa ba zai motsa ba idan kun ja shi ku biyu. Amma jan hannun mutum biyu ba gwaji ba ne. Daɓen but falle ne na ƙarfe marar kauri, kuma wuraren da kamfani ya tanada domin bel da igiyar yara kaɗai aka ƙarfafa daga ƙasa aka kuma gwada su a karo. A wani wurin dabam noti yana iya yage fallen ya fito da washa ɗinsa gaba ɗaya. A ƙarƙashin wannan daɓe kuma akwai tankin mai, kuma jif-jif da yawa na kasuwar yankin Gulf suna da tanki na biyu, ga bututun birki, ga wayoyi, waɗanda duka bakin na'urar huda ba ya ganin su, balle tartsatsin walda. Akwai kuma wani kuskure da mai neman ƙarfi yakan faɗa ciki, wato ya zarce da notin har cikin shasi. A irin motarka bodi dabam yake, shasi dabam, robobi ne a tsakaninsu, kuma suna ɗan motsi da juna ko a tafiya ta yau da kullum, ballantana a karo. Igiyar da kanta ɗaya ke jikin shasi, ɗayan kuma yana riƙe da kujerar da ke jikin bodi, za ta riƙa shan fizgar da ba a ƙera ta dominta ba.

A Ostireliya, inda igiyar sama ta zama doka tun shekarun 1970 kuma mutane suke yawan yi wa jif-jif irin wannan gyara, ana ƙara maɗauri a motar da ba ta da shi, amma masu izini ne suke yin aikin, da kayan da aka gwada, kuma su ba da takardar shaida. Abin da ya yi kusa da haka a wurinmu shi ne ka je wa wakilin kamfanin motar da lambar shasinka, ka tambaya ko samfurinka yana da wurin da aka tanada tun asali, domin wasu motocin suna zuwa da ramin a shirye a ƙarƙashin kafet, maɗaurin ne kawai ba a ɗaura ba. Haka nan ka guji ƙarafunan nan da ake tallatawa a intanet cewa suna mayar da kowace mota mai ISOFIX, waɗanda ake cusawa a bayan mazauni, domin ba a gwada su da motarka ba. Kuma kada cin fahas ya ruɗe ka, domin wucewar mota a wurin binciken shekara ba shaida ba ce cewa wani zobe da aka ƙara zai riƙe yaro.

Idan duk an bi waɗannan aka tarar motar ba ta da maɗauri kuma ba za a samu ba, to kujerar za ka sauya, ba motar za ka huda ba. Akwai kujerun da aka gwada su aka amince a ɗaure su da bel ɗin mota mai ratsa kafaɗa da cinya ba tare da igiyar sama ba, kuma ka duba littafin wadda ka saya, domin wasu suna karɓar hanyoyin biyu. Akwai kuma masu ƙafa a gaba wadda take dogara a daɓen mota ta yi aikin da igiya take yi. Sai dai mai ƙafa tana da sharaɗinta a motar da aka yi wa gyara: dole ƙafar ta sauka a kan daɓen mota na asali, ba a kan murfin ma'ajiya ba, ba a kan katakon da aka shimfiɗa ba, ba kuma a kan tankin ruwan nan da masu kashta, wato masu fita kwana a sahara, suke kwantarwa a wurin sa ƙafa ba. Tun da ma maganar sauya kujera ta taso, ina ba ka shawara ka duba mai fuskantar baya. R129 ta wajabta fuskantar baya har wata 15 ne kawai, amma wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma akwai kujerun da ke ɗaukar yaro a haka har ya kai santimita 105, wato wajen shekara huɗu. Kan ƙaramin yaro yana da nauyi idan aka gwada da jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwari ba, don haka a karon gaba ya fi masa majingina ta tare kai da wuya da baya tare.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan iya wuce shi ba, shi ne kayan da ke bayan yarinyar. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, kuma lissafin da muka yi wa kujera ya hau kanta, ya hau kan firij, da tukunyar gas, da jak, da itacen hura wuta. Tun da an cire layi na uku kuma durowa ta ɗaga daɓen sama, duk abin da ka ɗora a kanta yana daidai tsayin kan ɗiyarka ne. Ka sa masu nauyi a ƙasa a cikin durowa, ka ɗaure na sama da igiyoyin kaya, wanda shi ne ainihin aikin zobban nan, kuma idan da hali a kafa ragar ƙarfe tsakanin but da kujeru, a bar wa igiyar yarinya hanya a jikinta. Ka kuma tuna cewa motar da aka ɗaga, musamman idan an yi mata lodi a rufi, ta fi saurin kifewa a kwana ko a gangaren yashi. Kwana a sahara da iyali abu ne mai daɗi, amma hawan tuddan rairayi domin wasa, a ganina, ba wurin ƙaramin yaro ba ne ko da wace irin kujera aka ɗaure shi.

Bayan ka gama ɗauri, ka kama kujerar daga gindinta inda take manne da mota ka jijjiga ta gefe da gefe, sannan gaba da baya. Kada ta motsa fiye da santimita 2.5, kuma alamomin hannuwan su nuna kore dukansu biyu. Ka zaunar da yarinya ka ja ɗamarar jikinta har sai ka kasa tsunkular ninki a kan kafaɗarta da yatsu biyu. A daren sanyi ka cire mata rigar sanyi mai kauri kafin ka ɗaure ta, ka lulluɓe ta da ita daga sama, domin rigar tana lotsewa a karo ta bar ɗamarar sako-sako. Duk lokacin da kuka dawo daga hanyar burji ka sake duba igiyar, ka kuma kakkaɓe yashin da ya shiga makullin ɗamarar.

Tambaya daga wata uwa a Madina:

Malam, barka da aiki. Maigidana yana da tsohuwar Patrol wadda ba ta da ƙarafunan ISOFIX ko kaɗan. Kujerun tsakiya ba nata ba ne na asali, daga tashlih, wato wurin sayar da kayan motocin da aka farfasa, aka sayo su aka ɗaura, kuma a can baya akwai benci biyu masu fuskantar juna. Ina da jariri ɗan wata biyar da yaro ɗan shekara shida. Surukata, Allah ya saka mata, takan ce in ba ta jaririn ta rungume shi a gaba, babban kuma ya hau benci. Shin kujerar yara tana ɗauruwa a irin wannan mota?

Amsa:

'Yar'uwa, Allah ya raya su. Tana ɗauruwa. Rashin ISOFIX ba ya hana komai, domin kujerar da aka ɗaure da bel yadda ya kamata tana ba da kariya kamar wadda aka ɗaure da ƙarafuna. Abin da ISOFIX ya fi da shi shi ne rage kuskuren mai ɗauri, saboda haka ke sai ki cike gurbin da natsuwa da bin littafi. A jikin kujerar akwai alamomi masu launi da ke nuna inda bel zai bi: a masu tambarin R44 shuɗi na fuskantar baya ne, ja na fuskantar gaba, a masu R129 kuwa kore ne. Ki ratsa bel ɗin ta cikinsu ba tare da ya murɗe ba, ki danna kujerar da nauyin jikinki yayin da kike jan ragowar, sannan ki yi gwajin jijjigawa da na bayyana wa ɗan'uwanmu na Makka.

Kafin wannan duka, maigida ya kai motar a duba kujerun nan na tashlih, domin kujerar jariri ba ta fi abin da aka ɗora ta a kai ƙarfi ba. A tabbatar kowace ƙafa ta kujerar ta sauka a kan ramin asali na daɓe, an ɗaure ta da noti mai ƙarfi irin na kujera, ba wanda aka tsinta a gwangwanin gareji ba, kuma majinginar tana kullewa. Idan an huda sababbin ramuka ne domin kujerar wata mota ta zauna, ko an yi mata ƙafafu da walda, to gara a nemo ta samfurin motar. A jawo kowane bel har ƙarshensa a duba shi. Rana irin ta Madina tana cin zare, kuma bel ɗin da ya koɗe ya bushe, ko ya fara zarewa a gefe, ko wanda ba ya cijewa idan an fizge shi da sauri, sabo za a saya masa, ba na tashlih ba, domin ba a san ko daga motar da ta yi haɗari aka ciro shi ba.

A tsofaffin motoci bel ɗin tsakiya sau da yawa na cinya ne kaɗai, kuma mafi yawan kujerun jarirai na ƙa'idar Turai suna bukatar mai kafaɗa, don haka jaririn ya zauna a gefe, yana fuskantar baya. Ɗan shekara shida yana bukatar kujerar ɗagawa mai majingina, a ɗaya gefen, da bel mai kafaɗa wanda zai bi ta tsakiyar kafaɗarsa da saman cinyoyinsa, ba ta wuya ko ciki ba, kuma zai ci gaba da hawanta har tsayinsa ya kai wajen santimita 135 zuwa 150. Kujerar ɗagawa ba ta haɗuwa da bel ɗin cinya kaɗai. Bencin baya kuwa a manta da shi: babu kujerar yara da aka amince a ɗaura a mazaunin da ke fuskantar gefe, kuma yaron da ke kansa a karon gaba gefen kansa da wuyansa ne za su sha bugun.

Game da Hajiya, ƙauna ce ta sa take son rungumarsa, kuma da ladabi za a fahimtar da ita, zai fi kyau ma ɗanta ne ya yi mata bayanin. Jariri mai kilo 7 a karon cikin gari yana zama kamar kilo 140, kuma babu hannun da zai riƙe wannan. Idan motar tana da jakar iska a gaba, haɗarin ya ƙaru, wanda shi ne dalilin da ya sa ba a taɓa ɗora kujera mai fuskantar baya a gaban jakar iskar da ke aiki. Dokar hanya ta Saudiyya ma ta hana zaunar da yaron da bai kai shekara 10 ba a gaba, kuma Murur, wato 'yan sandan hanya, suna cin tarar riyal 300 zuwa 500 a kan rashin amfani da kujerar yara. Idan wuri ya ishe ta a tsakanin jikokin, Hajiya ta zauna a nan, jaririn yana kallon fuskarta tana yi masa wasa, ita ma da nata bel ɗin a ɗaure.

Tambaya daga wani direban gida a Riyad:

Malam, mun fita saharar Sumama da jif ɗin maigidana, ta kwanta a gefenta a kan yashi a hankali, babu wanda ya ji rauni, kuma yaron ba ya ciki. Kujerarsa tana ɗaure a motar, ban ga ko tsaga a jikinta ba. Za mu ci gaba da amfani da ita?

Amsa:

Alhamdu lillahi da Allah ya tsare. Malam direba, wannan hukunci ba na ido ba ne, domin robar kujera da soson da ke cikinta suna iya samun rauni a inda ba a gani. Littafin kujerar ne yake faɗin abin da za a yi bayan haɗari, kuma kamfanoni da yawa suna cewa a sauya ta ko yaro yana ciki ko ba ya ciki. Idan littafin ya ɓata, a tuntuɓi kamfanin da lambar samfurin da ke jikin tambarin, a gaya musu gaskiyar yadda abin ya faru, kuma kafin amsarsu ta zo kada a zaunar da yaron a cikinta. Idan ta kasance a ɓangaren da motar ta kwanta, ko wani kaya mai nauyi ya faɗo mata, ni shawarata a sauya ta ba tare da jira ba. Ka sanar da maigida da uwargida a fili, domin su ne masu yanke shawara kuma su ne masu sayen sabuwa, ka kuma roƙi a duba bel-bel da sandunan ISOFIX da maɗaurin igiya lokacin da ake gyaran motar. Tsohuwar kujerar kuma kada a kai ta kasuwar gwanjo ta Haraj ko a ba wani kyauta. A yanke ɗamarunta da almakashi, a rubuta a jikinta cewa ta yi haɗari, sannan a jefar da ita.